Daga mangalar jaki zuwa tifar bola: tarihin takin gonakin Gezawa

1/
Bazarar da ta wuce na je gida Gezawa hutu, na tarar tifa ta juye shara a gonar gidanmu. Baffana ne ya saya, yana ta murna ya samu taki da araha. Na tsuguna na sa hannu a tsibin. Kafin minti biyar na tsinto batura, sirinji da fasasshen ƙwan fitila. Leda kuwa ba a magana.

2/
Na ce, "Baffa, anya wannan taki ne kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, tun kafin a haifi ubanka da sharar birni muke noma." Abin da ya ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Ni ma kuma ina da tawa hujjar. Don in gane inda muka saɓa na koma na bi tarihin abin. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

3/
Mu fara da ƙasar kanta. Ƙasar Gezawa jigawa ce, yashi ya fi yawa, ba ta riƙe ruwa sosai, ba ta riƙe abincin shuka. A yawancin ƙasashen Afirka, manomi mai irin wannan ƙasa yakan noma ta shekara uku ko huɗu, ya bar ta ta huta, ya koma wani wuri. Mu a kewayen Kano babu wurin komawa. Gona tana jikin gona, gida yana jikin gida.

4/
Duk da haka shekara da shekaru ake noma gonakin nan babu hutu. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya shigo Kano. Ya rubuta cewa ƙasar Kano tana cikin mafi albarkar wuraren da ke duniya, tana ciyar da kanta har ta sayar. Ta yaya yashi ya ciyar da wannan taron jama'a?

5/
Wanda ya zauna ya bi amsar dalla-dalla shi ne Michael Mortimore, Bature masanin labarin ƙasa. Ya koyar a ABU Zariya daga 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero. A 1965 shi da J. Wilson suka fitar da rahoto kan ƙasa da jama'a a wannan yanki mai cunkoso da ya kewaye birnin Kano. Gezawa tana tsakiyar yankin da yake magana a kai.

6/
Abin da ya lura da shi dattawanmu sun riga sun sani a aikace. Da rani jakuna sukan shiga birni ɗauke da itace da kara da hatsi. In za su dawo ba sa dawowa da mangala wayam, sai an cika ta da taki: sharar gida, toka, kashin awaki da tumaki da dawaki. Birni ya ci daga gona, ya mayar wa gona da ragowar. Haka abin yake zagayawa.

7/
Ku tsaya ku duba sharar wancan zamani. Tuwo a akushi ko ƙwarya ake ci. Abin sayarwa a ganye ake ƙunshewa. Tabarma ta kaba ce, igiya ta rama, tufa ta auduga, takalmi na fata, tukunya ta yumɓu. Ko masu jima da bagaruwa suke jeme fata. Kusan duk abin da Bakano ya yar, daga ƙasa ya fito, kuma ƙasa za ta iya cinye shi.

8/
A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zo Tumbau, nan cikin ƙaramar hukumar Gezawa. Ta riƙa auna abin da ke shiga gonakin wasu manoma da abin da ke fita, kamar mai lissafin kanti. Ta ga dabarar: a shuka gero da dawa tare da wake da gyaɗa, a ɗaure awaki da tumaki a turke, a ba su harawa, a kwashe takinsu a mayar gona.

9/
Har ƙurar hunturu ta shiga lissafin. Wannan hazon da ke fasa mana leɓe, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, kuma yana sauke wa gona ɗan abincin shuka kyauta. To amma akwai wasu ma'aikata da jaki da akuya da hazo duk suke dogara da su. Ido ba ya ganin su, shi ya sa ba a yi musu kirari.

10/
Taki da kansa shuka ba ta iya cin sa. Saiwar gero ba ta da haƙori. Sai ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa, bakteriya da dangin funfuna, sun ruguza kashin akuyar nan sun mayar da shi sinadaran da ke narkewa a ruwa, sannan saiwa ta zuƙa. A giram ɗaya na ƙasa mai kyau ana iya samun bakteriya har biliyan guda. Giram ɗaya fa, bai cika cokalin shayi ba.

11/
Kun san ƙamshin nan na ruwan farko, wanda ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebi ƙasa ya ci? Wasu bakteriya ne da ake kira Streptomyces suke fitar da sinadarin da ke ba da shi. Daga danginsu aka samo maganin sitiraftomaisin a 1943, a ɗakin binciken Selman Waksman a Amurka, tare da ɗalibinsa Albert Schatz. Shi ne magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka.

12/
Kayan aikin waɗannan halittu su ake kira enzayim. Ku ɗauka kamar kayan aikin maƙera ne, kowanne da abin da yake yi. Kuna da shi a bakinku ma. In ka daɗe kana tauna gurasa za ka ji ta fara zaƙi, to enzayim ɗin cikin yawu ne ya fara mayar da sitaci sukari. Irin wannan aikin ake yi a cikin ƙasa dare da rana.

13/
Guda uku nake so ku riƙe. Na farko yuriyes. Shi ne ke fasa yuriya, ko ta fitsarin dabba ko ta buhu, ya mayar da ita amoniya. James Sumner ne ya fara ware shi tsantsa a 1926, daga wani irin wake, ya kuma samu kyautar Nobel a 1946. Saboda aikin yuriyes ne ake cewa a binne yuriya. In ka watsa a sama ka tafi, wani kaso na kuɗinka iska zai bi.

14/
Na biyu fosfates. Shi ke kwance sinadarin fosfaras da ke ɗaure a jikin ruɓaɓɓen ganye da taki, shuka ta samu ta yi saiwa da ƙwaya. Na uku dihaidirojines. Wannan a cikin ƙwayar halitta mai rai kaɗai yake aiki. Shi ya sa masana ƙasa ke auna shi kamar yadda likita ke taɓa jijiyar hannu, don a ji ko ƙasar tana numfashi.

15/
Gwajin ma yana da daɗin kallo, tun shekarun 1950 ake yin sa. A zuba wa ƙasa wani sinadari marar launi da ake kira TTC, a ajiye ta wuri mai ɗumi ta kwana. In halittun ciki suna da yawa kuma suna aiki, sai sinadarin ya koma ja. In sun yi ƙaranci ko sun galabaita, jan ya fito dishi-dishi. Ranar da na fara gani a ɗakin gwaji, gonarmu ce ta faɗo mini a rai.

16/
Sai kuma sirrin wake da gyaɗa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, abincin da hatsi ya fi buƙata, amma shuka ba ta iya ɗaukar ta daga iska. A 1886 wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa dangin wake suna samun ta ta hanyar ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsu. A 1888 Beijerinck ɗan ƙasar Holan ya ware bakteriyar da ke zaune a ciki, wadda ake kira Rhizobium.

17/
Ke nan lokacin da kakanninmu suke gicciya wake a tsakanin gero, masana'antar taki suke dasawa a gona, ba tare da sun san sunan ma'aikatan ba. Ku gwada da damina. Ku tuge wake guda, ku tsaga ƙullin saiwar da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, ana aiki. In fari ne fat ko kore, babu abin da ake yi a ciki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

18/
To yaushe abin ya fara canzawa? A hankali ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912. Duk buhun da aka jera a dalar gyaɗa aka tura Ikko, ya tafi da abincin ƙasarmu a cikinsa, kuma babu jakin da zai dawo da takinsa daga Ingila. Zagayen nan na birni da ƙauye ya samu ɓaraka ta farko.

19/
A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, takin zamani ya yi araha saboda tallafi, manoma suka saba da shi. A 1986 aka shigo da SAP zamanin Babangida, darajar naira ta faɗi, tallafin ya riƙa ja da baya, buhu ya fara gagarar talaka. Mutane suka sake waiwayar sharar birni. Sai dai birnin da suka waiwaya ba shi ne wanda suka bari ba.

20/
Masana'antu sun cika Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Kamfanonin fata sun bar bagaruwa sun koma gishirin kuromiyom. Rafin Getsi yana kwaso ruwan Bompai ya zuba a Jakara, Jakara ta gangara da shi zuwa dam ɗin Wasai a Minjibir, maƙwabtanmu. A gefen waɗannan ruwaye ake noman rani na latas da alayyahu da kabeji da ake kai wa birni.

21/
Cikin gidaje ma shara ta sauya. Leda ta kori ganye, roba ta kori ƙwarya. A shekarun 1990 fiya wata ya shigo. Ga batirin rediyo da tocila, ga fitilar caji, ga matattun wayoyi, ga gwangwanin fenti da na maganin sauro, ga sharar shagunan magani. Jaki ya ja baya, tifa ta karɓi aikin. Tifa kuwa ba ta tsince komai, abin da ta tarar a bola shi take lodawa.

22/
A 1995 wani mai bincike mai suna Lewcock ya wallafa nazari kan yadda manoman kewayen Kano ke biyan direbobin tifa su juye musu sharar birni a gona. Daga baya Roy Maconachie da Tony Binns da Adamu Tanko na Jami'ar Bayero suka yi rubutu kan gurɓatar ruwa da ƙasa a gonakin gefen birnin. Maganar da nake yi da Baffa ta girme ni, ba ni na fara ta ba.

23/
Me ke cikin tarkacen nan? Batirin mota da na yawancin fitilun caji masu araha, dalma ce a ciki. Batirin tocila, tutiya da manganis. Wasu tsofaffin baturan caji, kadmiyom. Dogon ƙwan lantarki, zaiba. Ana kiran su ƙarafa masu nauyi. Bambancinsu da kashin akuya shi ne ba sa ruɓewa. Babu bakteriyar da za ta mayar da dalma wani abu daban. Dalma tana iya zama a saman ƙasa ɗaruruwan shekaru.

24/
Ga yadda suke ɓarna. Enzayim yana aiki ne saboda siffarsa, kamar mukulli da kwaɗo. Zaiba da kadmiyom da dalma da jan ƙarfe suna manne wa wasu gurabe masu sinadarin farar wuta a jikin enzayim, su lanƙwasa shi, ko su ture ƙarfen da yake buƙata su zauna a wurinsa. Mukulli ya lanƙwashe, ƙofa ba ta buɗuwa. Takin yana nan a gona, mai sarrafa shi ya raunana.

25/
A nan ne Baffa ya kama ni. Ya ce, "In guba ce, me ya sa dawar da ke kan tsohon juji ta fi ta ko'ina kore?" Tambaya ce mai kyau. Sharar birni har yanzu tana da ragowar abinci da toka da kashin dabbobi da yawa. Wannan abincin yana sa halittun ƙasa su yawaita, yana kuma riƙe ƙarafan ya rage musu kaifi. Shi ya sa in aka auna ƙasar juji, wani lokaci aikin enzayim yakan fito da yawa.

26/
Matsalar tana zuwa ne daga baya. A zafin ƙasarmu, ruɓaɓɓen abu yana ƙarewa da wuri, cikin 'yan damina kaɗan. Ƙarafan kuwa suna nan. Ka sake zuba tifa, abincin ya sake ƙarewa, ƙarfe ya hau kan ƙarfe. Ga shi ƙasarmu yashi ce, ba ta da laka mai yawa da za ta ɗaure su. Riba ta shekara biyu ce ko uku, bashin kuma na jikoki ne.

27/
Ba hasashe nake yi ba, an taɓa ganin haka. A Woburn ta ƙasar Ingila akwai wata gonar gwaji ta cibiyar Rothamsted. Daga 1942 zuwa 1961 an riƙa zuba wa wasu fuloti dagwalon masai na birnin Landan a matsayin taki, wasu fulotin kuma takin dabbobi. Dagwalon yana ɗauke da tutiya da jan ƙarfe da nikel da kadmiyom daga masana'antu. A 1961 aka daina.

28/
A 1984, fiye da shekara 20 da dainawa, Brookes da McGrath suka auna. Suka tarar yawan halittun ƙasa a fulotin dagwalo kusan rabin na fulotin takin dabbobi ne. A 1988 su biyun tare da Ken Giller suka duba wata ciyawa dangin wake a wurin. Ƙulle-ƙullen saiwarta ƙanana ne, farare, ba sa kama naitirojin. Kun tuna gwajin farcen nan? To shi ne.

29/
Ku auna wannan da Gezawa. Duk tsarin da Harris ta gani a Tumbau a kan wake da gyaɗa ya tsaya: su ke kamo naitirojin, harawarsu ke ciyar da dabba, dabba ke ba da taki. In bakteriyar saiwar wake ta daina aiki, an zare ginshiƙin ɗakin. Shi Giller ɗin nan daga baya ya jagoranci shirin N2Africa, wanda ya yi aiki da manoman wake da waken suya da gyaɗa har a jihar Kano.

30/
Sai lafiyar mutum. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gida ta fito, kuma yawanta ya wuce na bola nesa ba kusa ba, kada a ce na haɗa su. Darasin dai ɗaya ne: yaro yana wasa a ƙasa, yana sa hannu a baki. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

31/
Wani zai ce ai ƙonawa ake yi kafin a baza. Wuta tana cinye takarda da tsumma, amma dalma da kadmiyom suna taruwa a tokar, wani kaso kuma ya bi hayaƙi mu shaƙa. Ƙona wasu robobin yana fitar da dayoksin, guba mai daɗewa. Ledar da ba ta ƙone ba takan hana ruwa ratsa ƙasa, ta naɗe saiwa. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin awaki da shanu.

32/
Na san wani zai kawo labarin bakteriyar da ke cin roba. Gaskiya ne, a 2016 masana a Japan suka bayyana Ideonella sakaiensis, wadda aka samu a wurin tara robobi a birnin Sakai. Amma robar gorar ruwa take ci, a hankali, a yanayin ɗakin gwaji. Baƙar leda da ledar fiya wata wani nau'i ne daban, enzayim ɗinta ba ya taɓa su. Kada mu zauna jiran ta.

33/
Ban ce a daina amfani da sharar birni ba. Wanda ya faɗi haka bai je sayen buhun taki kwanan nan ba. Kuma mayar da ragowar abincin birni gona shi ne daidai, shi ya riƙe ƙasar nan tun kafin zuwan Barth. Kuskuren yana wajen cakuɗawa. Ɓawon doya da batir a bokiti ɗaya, daga nan komai ya lalace, don raba su a bola ya fi raba su a gida wuya sau goma.

34/
Ga abin da muka yi da tifar Baffa, bayan an sha musu har Inna ta sa baki. Muka tara yaran gida manya, kowa ya sa safar hannu da takalmi, ƙanana aka kore su. Muka tsince batura da ƙarafa da kwalabe, muka tankaɗe sauran da ragar waya. Ba mu ƙona ba. Muka haɗa da takin turke, muka yayyafa ruwa, muka bar shi ya ruɓe kafin a baza.

35/
Tankaɗe ba ya cire abin da ya riga ya narke ya shiga ƙasar, wannan na faɗa wa Baffa ƙarara. Shi ya sa muka yi yarjejeniya biyu. Ba za a kai shi lambu ba, don ganye irin su alayyahu da latas sun fi hatsi ɗaukar kadmiyom. Sannan in zai sake saye, zai tambayi direba daga ina aka ɗebo. Sharar kasuwar kayan gwari da ta kara daban, ta gefen masana'anta ko asibiti ko garejin makanikai daban.

36/
Ku kuma 'yan birni, aikinku ya fi namu sauƙi. Mataccen batir da fitilar caji da waya, ku ware su a wani gwangwani, kada su shiga kwandon shara. Masu shagon magani, sirinji ba na bola ba ne. Hukumar REMASAB da ke kwashe sharar Kano, da za a ware sharar kasuwannin abinci irin 'Yankaba a riƙa yin takinta daban, manoman Gezawa da Jogana za su saya da kuɗinsu, don yanzu ma saye suke yi.

37/
'Yan uwana ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi a ƙofar gida. Ɗebo ƙasa daga gonar da ta shekara goma tana shan tifa, ɗebo daga wadda takin turke kaɗai ta sani, auna dihaidirojines da yuriyes da dalma, tuge wake ka duba saiwa. In kun gama ku koma ku faɗa wa mai gonar sakamakon da Hausa, kada ya tsaya a kan kantar laburare.

38/
Da damina ta kankama na koma gida. Muka shiga gona da Baffa, na tuge wake guda na tsaga ƙullin saiwar na nuna masa. Ja ne, alhamdu lillahi. Ya juya shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To waɗannan ɗin su wa ke biyan su?" Na ce, "Baffa, taki mai kyau kawai suke so." Ya ce, "Ashe sun fi 'yan ƙwadago sauƙi."

39/
Ya ce kowace shekara za mu riƙa tugewa muna dubawa, a ɓangaren da aka zuba tifa da ɓangaren da ba a zuba ba. In Allah ya kai mu zan riƙa kawo muku hoto. Wanda a garinsu ake zuba sharar birni a gona, ya faɗa mana a ƙasa me yake tsinta a ciki. Wanda kuma kakansa ya yi zamanin mangala, don Allah ya zauna da shi ya ji labarin tun yana da rai.